Ƙugiyar da Ta Faɗi Daga Sunan Haɗeja

Ɗan kamasho a tashar mota bai taɓa kuskuren sunan garinmu ba. Da safe ka ji shi yana kwarmato, "Haɗeja! Haɗeja! Saura mutum ɗaya!", kuma ɗ ɗin nan tana fitowa daram daga maƙogwaronsa ba tare da wani ya zaunar da shi a aji ba. Amma ka dubi allon bakin hanya, ko kan takardar ofis, ko ka saurari mai karanta labarai da Turanci daga Legas ko Abuja ranar da ambaliya ta ci gonakin fadama. A can sunan garin Hadejia ne, kuma mai karatun zai ja tsakiyarsa ya ce wani abu mai kama da "Hadiijiya". Da a ce baƙi kaɗai ke yin haka, da ban ɓata tawada ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yanzu 'ya'yanmu na cikinmu, musamman waɗanda suka yi makarantun kuɗi a birni, sun fara faɗin sunan yadda suka gan shi a allo, har a tsakiyar hirar Hausa.

Labarin da aka gada ya ce sunan ya samo asali daga wani maharbi Haɗe da matarsa Jiya. Ko mutum ya yarda da labarin ko bai yarda ba, ɗ tana cikin sunan tun fil'azal. Malamanmu na ajami ma ba su rasa yadda za su rubuta ta ba, domin harafin da almajirai ke kira ɗa mai hannu shi suka ba wannan aiki, kamar yadda suka ba ƙaf aikin ƙ. Shi ya sa muke da Ɗahiru da Ɗalhatu da ɗalibi. Boko ne ya zo hannu rabbana. Lokacin da sojojin Ingila suka ci Haɗeja da yaƙi a watan Afrilun 1906, suka kashe Sarki Muhammadu wanda har gobe ake kira Mai Shahada, ba su da harafin da za su kama wannan sauti da shi, kuma ba na jin kunnuwansu ma sun kama shi. Suka rubuta abin da suka ji a rahoto da taswira. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa a 1934, kuma duk a wannan tsakanin da ɗigo a ƙarƙashin harafi ko waƙafi a gabansa ake lallaɓawa. Haruffa masu ƙugiya sai a ƙarshen shekarun 1930 suka zauna, a zamanin Rupert East a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 ta kai su lungu da saƙo. Kafin nan tawadar taswira ta riga ta bushe. Littattafan Hausa suka ɗauki Haɗeja, takardun hukuma suka riƙe Hadejia, aka ci gaba da tafiya a haka har yau.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Sakkwato ta koma Sokoto, Ƙanƙara ta koma Kankara, Ɗambatta ta koma Dambatta, Ƙaura Namoda ta rasa ƙugiyarta. A tsofaffin taswirori Kafin Hausa ma, garin da nake zaune, Keffin Hausa ne. Firayim Ministanmu na farko, wanda hotonsa ke jikin naira biyar, Tafawa Ɓalewa ne a bakin mutanensa, amma mafi yawan 'yan Najeriya Balewa suka sani. A tsallaken iyaka Faransawa sun yi nasu aikin: Maraɗi ta zama Maradi, Tawa ta zama Tahoua, Tasawa ta zama Tessaoua, Dogon Dutse kuwa aka dunƙule shi ya zama Dogondoutchi.

Akwai wasu mutane a can gefen Birtaniya da suka sha irin wannan, suka kuma ƙi yin shiru. Su ne mutanen Wales, masu harshen da su da kansu ke kira Cymraeg. Ba su da yawa. Ƙidayar 2021 ta nuna masu jin harshen 538,300 ne, kashi 17.8 cikin ɗari na mutanen yankin masu shekara uku zuwa sama. Jiharmu ta Jigawa kaɗai, a ƙidayar 2006, ta haura mutum miliyan 4, wato ta fi Wales ɗungurungum yawan jama'a. Shekaru aru-aru Ingilishi suna murɗe musu sunaye yadda bakinsu ya ga dama. Sunan dangi Powell asalinsa ap Hywel ne, wato ɗan Hywel; Price kuma ap Rhys; Floyd kuwa ƙoƙari ne na bakin Bature ya faɗi Lloyd. A allunan hanya garin Caerdydd ya zama Cardiff, Conwy ya zama Conway. A 1962 aka kafa ƙungiyar kare harshen, Cymdeithas yr Iaith Gymraeg, kuma daga ƙarshen shekarun 1960 matasanta suka shiga bin allunan da ke da Turanci zalla suna shafe su da fenti. An ci su tara, an ɗaure wasu, cikinsu har da mawaƙi Dafydd Iwan a 1970. Kwamitin da gwamnati ta kafa ya ba da shawara a 1972 cewa a riƙa rubuta alluna da harsuna biyu. Dokar 1993 ta ɗaga matsayin harshen a ayyukan hukuma, ta 2011 ta ba shi matsayin harshen hukuma a Wales. A watan Nuwamban 2022 hukumar gandun da dutsen da ya fi kowane tsawo a yankin yake ciki, mai tsawon mita 1,085, ta yanke cewa daga yanzu Yr Wyddfa za ta riƙa kiransa, ba Snowdon ba, bayan mutum fiye da 5,000 sun sa hannu a takardar koke. A 2023 wani gandun ya bi sahu, Brecon Beacons ya koma Bannau Brycheiniog.

An yi ta gunaguni a jaridun Landan cewa wa zai iya faɗin waɗannan sunaye. To, masu so sun iya. Rubutun harshen yana da ƙa'ida, kusan harafi ɗaya aiki ɗaya, ba kamar Turanci ba da za a rubuta abu a karanta wani. In ka ga f, v ce. In ka ga dd, irin zal ɗin Larabci ce da mai tajwidi ke fitarwa da kan harshe tsakanin haƙora. In ka ga ch, ha mai ruwa ce, wadda yaron makarantar Islamiyya a Bulangu zai fi mutumin Landan saurin kamawa. W kuma sau da yawa wasali ce, u ake karanta ta. Wadda ta fi ba Ingilishi wuya ita ce ll, da ke buɗe sunayen garuruwa barkatai irin su Llanelli da Llandudno. Yadda ake koya musu ita ce: ka ajiye harshe inda kake ajiye shi in za ka ce l, kada ka sa murya, ka hura iska ta fita ta gefen harshen. Shi ke nan. A 2015 wani mai gabatar da hasashen yanayi a tashar Channel 4, Liam Dutton, ya faɗi sunan ƙauyen nan mai haruffa 58 da ake gajartawa Llanfairpwllgwyngyll tiryan-tiryan ba gargada, duniya ta yi ta yaɗa bidiyon. Ni abin da na gani a bidiyon shi ne ma'aikacin da ya ɗauki sunan garin mutane a matsayin wani ɓangare na aikin da ake biyansa albashi a kai.

Na san abin da mai gardama zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Kowane harshe yana lanƙwasa sunan baƙo ya dace da bakinsa. Mu ne muka mai da Legas Ikko, Ibadan Badun, Onitsha Anaca, Port Harcourt Fatakwal. Mu ke cewa Ingila da Faransa da Masar, ba wanda ya kai mu ƙara. Don me za mu hana Bature cewa Sokoto? Ba na hana shi. Bature a gidansa, cikin harshensa, ya kira mu yadda ya iya. Amma Bayarabe bai taɓa zuwa ƙofar Ibadan ya tarar da allo an rubuta Badun ba, kuma ɗansa bai taɓa tashi yana zaton Badun ne sunan gaskiya, Ibadan kuwa faɗar ƙauyawa ba. Mu abin da ya same mu ke nan. Kuskuren baƙo ne ya hau allo a ƙofar gidanmu, ya shiga takardar haihuwa da ta jarrabawa da katin banki, har ya zama shi ne mai daraja, faɗar uwa da uba kuma ta koma ta tasha da kasuwa. Ɗanladi ya gama jami'a yana Danladi, in ya je neman aiki ya gabatar da kansa da d mai taushi don kada a ce bai waye ba. Wannan ba laifin Gwamna Lugga, Baturen mulki, ba ne kuma. Turawa sun tafi tun 1960.

Akwai kuma lalacin da ya shigo da wayar hannu. A da ana iya cewa keken rubutu ba shi da ƙugiya, madaba'a sai ta Zariya. Yau wayar da ke aljihun kowa tana da ɓ da ɗ da ƙ, in mutum ya sa mata madannin Hausa. Duk da haka dubi abin da muke rubutawa a Facebook da WhatsApp. Mutum zai rubuta "an yi fada a fada", ya bar ka da aikin gano wanne ne gidan sarki wanne ne dambe. Babba da ya san harshen zai cike giɓin da kansa. Yaron da ke tasowa a Abuja ko Kaduna, wanda rabin Hausarsa daga allon waya yake tsintarta, abin da ya gani shi zai faɗa.

Koyon kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne. Tun da aka kafa jami'a a Kafin Hausa a 2013, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sule Lamido, garin ya cika da baƙi: malamai, ɗalibai, masu bautar ƙasa daga kudu. Wata safiya a teburin mai shayi na ga an yi darasin da ya fi na aji. Wani mai bautar ƙasa, da ganinsa ka san sabon zuwa ne, ya ce zai tafi "Hadejia" ya ciro kuɗi. Yaran da ke wanke kofuna suka tuntsire da dariya. Wani dattijo da ke gefe yana jiƙa burodi ya daka musu tsawa, sannan ya juyo.

"Ɗana, kawo hannunka." Ya kama yatsun saurayin ya ɗora a kan maƙogwaronsa. "Saurara. Da. Ɗa. Ka ji abin nan ya yi ƙasa?"

Saurayin ya gyaɗa kai.

"To mai da hannun wuyanka. Harshenka ya tsaya inda yake. Kada ka tura iska waje, yi kamar za ka haɗiye ta."

Ya gwada, ta fito da. Ya sake, ta fito wani abu tsakanin da da ta. Dattijon bai gaji ba, sai cewa yake "saura kaɗan, ɗana". Kafin shayin ya huce saurayin ya ce "Haɗeja" sarai, mai shayi ya ce, "Baba, ai wannan ya zama ɗan gari, sai a nema masa mata." Abin da dattijon ya nuna da yatsa shi ne dai abin da masana ilimin furuci ke bayani da dogon Turanci: wajen ɓ da ɗ maƙogwaro sauka yake yi, wajen ƙ da ts kuwa rufewa yake ya hau sama ya tunkuɗo iskar. Wanda ya gane wannan ya gama rabin aikin. Ragowar rabin, wato tsawon wasali da hawa da saukar murya waɗanda rubutunmu ba ya nunawa, sai da kunne. Baƙo yakan ja a ɗin Kafin Hausa kamar mai cewa "kafin gobe", alhali gajere ne, daga kafi, garin da aka kewaye da shingen itace, irin na Kafin Madaki da Kafin Maiyaki da Kafin Soli. Sau ɗaya za a faɗa masa ya riƙe. Matsalar ita ce ba ma faɗa. Ko dai mu yi dariya, ko kuma, abin da ya fi muni, mu bi shi mu faɗi sunan yadda ya faɗa don mu sauƙaƙa masa.

Kuma mu ne ya kamata mu fi kowa sanin cewa baki yana koyon abin da ba a haife shi da shi ba. Ƙasar Haɗeja ƙasar alarammomi ce da gwanaye. Kakanninmu sun karɓi harafin lodi da l, shi ya sa muke cewa alƙali da alwala da Ramalan. Da karatun tajwidi ya yaɗu, sai ga yaro ɗan shekara bakwai malami ya tsare shi a kan harafi ɗaya, yana nuna masa gefen harshe da turamen haƙora, ba zai wuce ba sai ya fitar da shi daga mafitarsa. Ba wanda ya ce wa malamin ai harshen Bahaushe ba zai iya ba. Mun ga darajar abin, muka ba shi lokaci. Haka ɗan boko ke shan wahala a kan p da v da th don kada a yi masa dariya a Legas. Ashe abin da baki zai iya faɗa, mai bakin ne ke zaɓa.

Sai dai laifi tudu ne. Wannan ll ta mutanen Wales da ke karya harshen Ingilishi, ba sai an hau jirgi za a ji ta ba. Tana nan a bakin Badawa, a Gashuwa da ƙauyukan fadama har cikin Guri a masarautar Haɗeja, tana kuma bakin Ngizimawa a Fatiskum. Masu rubuta waɗannan harsuna da tl suke nuna ta, kuma tana da 'yar'uwa mai murya. Marigayi Russell Schuh, Ba'amurken masanin harsuna da ya fitar da ƙamusun Ngizim a 1981, ya daɗe yana aiki a kansu. Bahaushe nawa ne a Haɗeja, wanda ya yi shekara talatin yana sayen kifi a hannun Babade, ya taɓa tambayarsa yadda ake faɗin sunan ƙauyensu a bakinsu? Mu ne muke yanke n ɗin Nguru mu ce Guru. Mu ne muka ji pulaaku a bakin Fulani muka mai da shi filako. A kudancin Kaduna da Filato, mutanen da muka saba kira Kaje da Kataf da Jaba da Yargam da Sura sun tashi tsaye sun ce sunayensu Bajju da Atyap da Ham da Tarok da Mwaghavul, kuma da yawanmu har yau muna ganin abin kamar neman fitina ne. Gbagyi muka kasa faɗa muka ce Gwari, sannan muka ɗauki sunan muka ƙera gwaranci don yi wa duk mai gurguwar Hausa ba'a. Abin da mutumin Wales ke ƙorafi a kai game da Ingilishi, shi ƙananan ƙabilun Arewa ke ƙorafi a kai game da mu.

Mun ma san inda hanyar ke kaiwa, domin a ƙofar gidanmu ta ƙare. Auyo maƙwabciyar Kafin Hausa ce. Auyokawa suna da harshensu, haka mutanen Shira da Tashena, kuma daga 'yan jerin kalmomin da aka tattara a zamanin Turawa Schuh ya nuna cewa dangin Badanci ne. Yau babu mai jin ko ɗaya daga cikinsu. Ba Turanci ne ya cinye su ba, Hausa ce. Ba na cewa an yi da mugun nufi. Kasuwa da aure da sarauta da karatu ne suka yi aikinsu a hankali. Amma wanda harshensa ya haɗiye na maƙwabta uku bai kamata ya tsaya a kukan an cire masa ƙugiya ɗaya ba, sai ya haɗa da sauraron Babade da Bamange da Bafulatanin da suka rage a gefensa.

Ban ce a ɗauki fenti a bi alluna kamar matasan Wales ba, kuma ban ce a canja sunan da ke cikin kundin tsarin mulki ko fasfo ba. Wannan doguwar shari'a ce da za ta jefa talaka cikin wahalar gyaran takardu. Abin da nake nema ƙarami ne. Masarautar Haɗeja tana da ƙananan hukumomi takwas: Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kirikasamma da Malam Madori. Kowacce tana kashe kuɗi a kan alluna, na maraba da baƙi, na asibiti, na makaranta, na rijiyar burtsatse. In za a rubuta sabo, a sa sunan Hausa da ƙugiyarsa a sama, na takarda a ƙasa; inda ƙauyen na Badawa ne ko Mangawa ko Fulani, a tambayi dattawansa yadda suke faɗi a rubuta shi ma. Mai fenti ba zai ƙara ko sisi ba don ya lanƙwasa kan d. Gidajen rediyon jihar su tanadi jerin sunayen garuruwa da yadda ake faɗinsu, a naɗe da muryar 'yan garin, su ba duk sabon mai karanta labarai, na Hausa da na Turanci. Jami'ar da ke garin nan tana da malaman harsuna da ɗaliban da ke neman abin da za su yi bincike a kai; ga aiki a bakin ƙofa, kuma awa ɗaya a makon karɓar sababbin ɗalibai ta isa a koya wa baƙi haruffan nan da sunayen garuruwan da za su zauna a ciki shekara huɗu.

Kai kuma mai karatu, in kana magana da Turanci ka zo kan sunan garinku, faɗe shi yadda mahaifiyarka ke faɗa, ko da wanda ke gabanka zai ce ka maimaita. In ya ce ka maimaita, ka maimaita masa, ka nuna masa maƙogwaro. In kuma kai ne baƙon, a Gashuwa ko a rugar Fulani, ka yi tambaya kafin ka raɗa wa mutane sunan da bakinka ya fi so.